Kayan bikin Indiya: shagon babban dizaina, Shahpur Jat ko Chandni Chowk?

Amaryar da ta ƙudurta sa kayan Indiya ranar kamu ko dina, ko wadda aka gayyata bikin abokan kasuwanci a Delhi, abin da take fara tambaya shi ne nawa ne. Akwai tambayoyi biyu da suka kamata su riga wannan: saura wata nawa biki, sannan wane irin rufin jiki ake so. Amsarsu ce ke nuna ƙofar shagon da za a shiga, domin a Delhi kaɗai ana iya sayen lehenga mai kama da juna a wurare biyar daban, farashin wata ya ninka na wata sau ashirin, kuma kowane wuri da irin matsalarsa.

Lehenga kaya uku ce: babban siket, 'yar rigar sama da suke kira choli, da mayafi, wato dupatta, mai tsawon kusan mita 2.5. Ana haɗa siket ɗin ne da falle-falle masu faɗi ta ƙasa da tsukewa ta sama, sunan kowane falle kali. Akwai mai kali 8, 12, 16 har 24, kuma yawan fallayen ne ke ba shi buɗewa. Zagayen bakinsa na ƙasa yakan kama daga mita uku da rabi zuwa shida. A ciki ana sa shafi, sannan a sa wata raga mai tauri, can-can, wadda ke ɗaga siket ya tsaya. Wanda ya riƙe wannan bayanin zai gane inda mai shago ke rage kuɗi: a yawan kali, a ingancin shafi, da kuma bayan siket, inda wasu ke rage aiki saboda a hoto gaba kawai ake gani.

Manyan dizainoni su ne mataki na sama. A Delhi shagunansu sun taru a Mehrauli kusa da hasumiyar Qutub Minar, da kuma kantin DLF Emporio a Vasant Kunj. A Mumbai kuwa unguwar Kala Ghoda da kewayenta. Kowannensu da hannunsa. Sabyasachi Mukherjee, mutumin Kolkata da ya buɗe kamfaninsa a 1999, an san shi da ja mai duhu, siliki da karan-miski da aikin zare mai nauyi irin na da, duk da cewa lehengar ruwan hoda mai haske da ya yi wa jarumar fim Anushka Sharma a bikinta na Disamba 2017 ce ta sa amare da yawa suka bar ja. Manish Malhotra daga ɗinkin 'yan fim ya fito, kayansa masu ƙyalli ne, sun fi dacewa da fitilun dare. Anita Dongre ta fi karkata ga gota patti, aikin Rajasthan na 'yan yankakkun ƙyallen zinare, kayanta ba nauyi sosai, har aljihu take sa wa siket. Tarun Tahiliani kuma gwanin yanka ne da yadda yadi ke kwanciya a jiki.

A irin waɗannan shagunan ba a faɗawa sashen amare kai tsaye, sai an nemi lokaci. Abin da ke rataye samfuri ne. A gwada, a zaɓa, a ɗauki awo, sannan a ɗinka sabo. Wannan yakan ci wata uku zuwa shida, musamman idan odar ta faɗo cikin lokacin bukukuwansu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ana karɓar kafin alƙalami mai tsoka, sau da yawa rabin kuɗin, wani wurin ma duka, kuma kayan da aka ɗinka da awon mutum ba a mayarwa. Babu tayi. Yawancinsu ba sa barin a ɗauki hoto. Farashin lehengar amarya a nan yakan fara ne daga wajen lakh uku na rufi, kuɗin Indiya, lakh ɗaya kuwa dubu ɗari ne, ya haura goma ba wuya.

Me kuɗin ke saya? Yadi na gaskiya, aikin hannu da ya zagaye siket gaba da baya, launin da aka rina musamman, da yankan riga da ke zama a kafaɗa ba tare da an yi ta jan ta ba. Sai suna, wanda shi ma kaso ne babba na farashin, ba a ɓoye wannan. Abin da kuɗin ba ya saya shi ne 'yancin sauya zane. Ana iya yarda a ƙara tsawon hannu ko a ɗaga wuya, amma mayar da choli doguwar riga da za ta sauko ƙasan ƙugu sauyi ne da wasu manyan gidaje ba sa karɓa, waɗanda suka karɓa kuma sai sun ƙara kuɗi da lokaci. A tambayi wannan tun kafin a zauna shan shayinsu. Sannan akwai gwaji: aƙalla sau ɗaya bayan an gama, an fi so sau biyu. Wadda ke Kano ko Yamai ta lissafa ko za ta iya komawa Indiya, in ba haka ba za a aiko mata da kaya ne a kan awon wata biyar da suka wuce, jikin amarya kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya a watannin shirin biki.

Mataki na biyu su ne shagunan da ke tara kayan dizainoni da yawa a rufi ɗaya, irin su Ensemble da aka buɗe a Mumbai a 1987, da Ogaan, Aza da Pernia's Pop-Up Shop. Amfaninsu ga baƙo a bayyane yake: cikin awa biyu za a gwada hannun mutum goma, a ga wanda yankansa ya dace da jiki. Suna da kayan da ake ɗauka nan take a gyara cikin 'yan kwanaki, kuma sun saba aika kaya ƙasashen waje. Rauninsu shi ne tsakanin mai saye da mai ɗinki akwai ɗan tsakiya. Idan aka ce hannu ya kai wuyan hannu, sai maganar ta bi ta ma'aikaciyar shago, ta bi ta imel, kafin ta isa wurin tela a wani gari. Duk sauyin da ba a rubuta a takardar oda ba, a ɗauka ba a faɗe shi ba. Ga ƙannen amarya da ƙawaye, ko baƙuwar da za ta halarci biki, nan ne wurin da ya fi sauƙi.

Shahpur Jat wani tsohon ƙauye ne da birni ya haɗiye a kudancin Delhi, kusa da Hauz Khas, lungunansa cike da ƙananan shagunan dizainoni masu tasowa. A ganina, ga macen da ke son kaya su rufe ta yadda ya kamata, nan ne ya fi ba da abin da ake nema a kan kuɗin da aka kashe. Dalili kuwa, mai shagon ita ce ke zana kayan, kuma sau da yawa masu aikin surfanin na sama ko a lungu na gaba. Za a iya zama da ita a ce ana son riga mai tsawon inci 24 maimakon 14, dogon hannu mai shafi, bayan riga a rufe, mayafi biyu, ɗaya na ka ɗaya na kafaɗa, ta zana a takarda, ta sa a yi ɗan guntun samfurin aikin a gani kafin a hau yadi. Lokaci yakan kama daga sati huɗu zuwa goma. Farashi kuwa daga wajen rufi dubu hamsin zuwa lakh biyu ko uku, gwargwadon aikin. Haɗarin shi ne ingancin ba ɗaya ba ne daga shago zuwa shago, kuma ƙaramin shago da oda ta yi masa yawa a Disamba yana iya saɓa alkawarin rana. Maganin wannan shi ne a ba su ranar da ta riga ainihin ranar tafiya da sati uku, kuma kada a cika kuɗi sai an ga kaya a jiki.

Sai Chandni Chowk a tsohon birnin Delhi, kasuwar da ta samo asali tun zamanin Sarki Shah Jahan a ƙarni na 17. Jirgin ƙasa na cikin gari, layin rawaya, yana tsayawa a bakinta, kuma yawancin shagunan a rufe suke ranar Lahadi. A nan ake cire takalmi a zauna a kan farar katifa, yara su yi ta warware lehenga ɗaya bayan ɗaya har ido ya gaji. Akwai ta rufi dubu ashirin, akwai ta lakh biyu, kuma da yawa kwaikwayon zanen manyan dizainoni ne, masu shagon ma da sunan dizainan suke tallarta. Ana tayi sosai. A guji masu tare mutum a hanya suna cewa za su kai shi shago mai araha, ladansu a kan kuɗin mai saye ake ɗora shi.

Babban abin lura a Chandni Chowk shi ne yawancin kayan rabin ɗinki ne. An haɗa siket an bar gefe ɗaya a buɗe don a tsuke shi daidai ƙugu, riga kuma yadi ne kawai da aka riga aka yi wa aiki. Siket ɗin yakan ɗauki ƙugu har wajen inci 42, tsawonsa kuma 42 zuwa 44. Rage tsawo mai yiwuwa ne, amma ta sama ake yankewa, tunda adon bakin yana ƙasa. Ƙara tsawo kuwa sai dai a yi ƙari da wani ƙyalle a ƙugu ko a ƙasa, kuma ido yakan gane. Doguwar mace da za ta sa takalmi mai tsini ta auna daga cibiya zuwa ƙasa da takalmin a ƙafarta kafin ta ce ta saya. Yadin rigar shi ne ya fi ba mutanenmu ciwon kai: bai cika wuce mita ɗaya ba, kuma an zana aikinsa ne don gajeriyar riga mai gajeren hannu. Idan aka kawo shi gida aka ba tela ya fitar da doguwar riga, ba zai isa ba, sai a shiga Kantin Kwari neman yadin da zai dace, ja kuma kala-kala ne, ba a cika samun wanda ya yi daidai ba. Don haka a sayi ƙarin mita ɗaya da rabi zuwa biyu na yadin a wurin, wanda aka rina tare da na siket, sannan a leƙa Kinari Bazaar, lungun masu sayar da leshin baki da tuntaye, a sayi mita uku zuwa huɗu na adon da zai dace da bakin hannu da ƙasan riga.

Akwai kuma kantunan ɗinkin kanti masu rassa da yawa, irin Manyavar na maza da Mohey na mata, ko Kalki. Farashi a rubuce, a gwada yau a karɓa jibi. Aikin yawanci na inji ne kuma za a iya haɗuwa da mai irin kayan a wurin biki, amma ga wanda ya rage masa sati ɗaya babu abin da ya fi su.

Ko a ina aka tsaya, ana gane kaya ne ta ciki. A juya siket a ɗaga shafin. Aikin inji bayansa layi-layi ne iri ɗaya, da zaren ƙasa mai wani launi, wani lokaci da ragowar farar takarda a manne. Aikin hannu, wanda ake yi a kan babban katakon ɗaure yadi, bayansa akwai ƙulle-ƙulle, kuma fure biyu ba sa zama daidai da juna ɗari bisa ɗari. Zardozi, wato surfanin zaren ƙarfe mai ƙyalli, na gaskiya ana yin sa ne da 'yan murɗaɗɗun wayoyi da ake yankawa a zura a allura ɗaya bayan ɗaya, yatsa yana jin tudunsa. A sa farce a gefen dutse ɗaya: idan da zare aka kama shi zai motsa kaɗan bai fita ba, idan da gam ne zai ɓamɓare, kuma na gam su ne ke zubewa a filin rawa ko bayan wanki na farko. A goga farin hankici mai ɗan laima a cikin kalmasa don ganin ko rini na zuba, musamman ja da shuɗi mai duhu. A duba cikin riga ko an bar rarar yadi inci ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane gefe. Wannan rarar ce za ta ceci rigar idan jiki ya ƙaru.

Nauyi abu ne da amare ke rainawa. Lehengar karan-miski mai cikakken zardozi tana kaiwa kilo goma, wata ta fi, kuma duk nauyin a kan tazugen ƙugu yake. An yi ta ne don sanyin Delhi na Disamba. A sa ta a zauren biki a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, kafin a yanka kek amarya ta jiƙe. Don zafi a nemi jojet, oganza ko siliki mara kauri, da aikin gota patti ko chikankari na birnin Lucknow, wanda farin zare ne a kan yadi mai laushi. Irin waɗannan ba sa wuce kilo uku zuwa biyar. A wurin gwaji kada a tsaya gaban madubi kawai. A zauna a kujera, a durƙusa kamar za a gaida surukai, a ɗaga hannu sama, a yi tafiya minti biyar. Kuma kilo goma kusan rabin jaka ce a jirgin da ke ba da kilo 23. Ana iya sa a cire can-can a naɗe shi daban, ko a bar shi a sa wani a gida.

Ba dole sai lehenga ba. Musulmin Indiya suna da kayan bikinsu da tun asali a rufe suke, kuma abin mamaki ne yadda masu zuwa daga nan ba sa tambayarsu. Gharara ta Lucknow wando ne mai faɗi da aka tattare a gwiwa, ana sa shi da riga mai kaiwa cinya da babban mayafi. Sharara ta yi kama da ita, sai dai buɗewarta daga sama take farawa. Anarkali doguwar riga ce mai kali da yawa har ƙasa. Duk ukun ba sa buƙatar a roƙi dizaina ya sauya komai, sun fi lehenga sauƙin nauyi, kuma ana sake sa su a walima, suna ko sallah, abin da lehengar amarya ba ta cika samu ba. Wadda ke son ta ci moriyar kuɗinta fiye da dare ɗaya, nan ya kamata ta fara dubawa.

Sari kuma lissafinsa daban ne, domin a nan saƙa ake saya ba ɗinki ba, kuma sunan garin da aka saƙa ya fi sunan dizaina nauyi. Tsawonsa mita 5.5, da ƙarin kusan santimita 80 na riga. Na Banaras yana da laushi da furannin zaren zinare; mafi tsada shi ne kadhwa, wanda ake saƙa kowane fure shi kaɗai, bayansa babu zaren da aka yanke. Na Kanchipuram a jihar Tamil Nadu ya fi kauri, kuma a na gargajiya ana saƙa baki da jiki da zare daban a sarƙe su, har ana ganin ɗan zigizagin mahaɗar. Tsofaffin gidaje irin Nalli, da aka kafa a Chennai a 1928, farashinsu a rubuce yake. A nemi tambarin Silk Mark, wanda ke shaida siliki ne zalla, amma a sani ba ya cewa komai game da zaren zinaren. Wannan zaren, zari, iri uku ne: na azurfa da aka shafa wa zinare, na jan ƙarfe da aka shafa wa ruwan zinare, da na roba. A sa mai shago ya rubuta wanne ne a rasit. Kafin a sa sari sai an ɗinka masa wani ƙyalle a ƙasa ta ciki an kuma kalmashe bakinsa, aikin kwana ɗaya ne. Wadda ba ta iya ɗaurawa ba ta sa a ɗinke mata tattarar tun a can, ya zama sai dai ta zura.

Na ango ba shi da wahala haka. Sherwani doguwar riga ce mai tsayayyen wuya da ke wuce gwiwa, bandhgala kuma gajeriya ce kamar kwat. Duk ingancinsu a kafaɗa da ƙirji yake, wuraren da ba sa gyaruwa, don haka idan kafaɗa ba ta zauna ba a bar ta ko da aikin ya burge. Wanda zai je biki a matsayin baƙo, kurta, wato doguwar riga, ta siliki da 'yar falmaran sun wadatar. Baƙi mata kuma su tuna cewa a bikin Hindu ja na amarya ne, fari zalla kayan makoki ne, baƙin launi ma ba a son sa a wurin ɗaurin aure. Ranar da ake shafa wa amarya da ango kurkur rawaya ake sawa, kuma a sa wanda ba a jin asararsa, don tabon kurkur ba ya fita.

Wajen biya, dokar Indiya ta hana ɗan kasuwa karɓar tsabar kuɗi rufi lakh biyu ko fiye a ciniki ɗaya, kuma babbar takardar kuɗin da ke yawo yanzu ta 500 ce. Don haka a babban shago sai kati ko turawa ta banki, a tabbatar da iyakar abin da katin zai iya cirewa a waje tun daga gida. A tambaya ko harajin GST na cikin farashin da aka faɗa, domin a kaya masu tsada ba ƙaramin ƙari ba ne. Idan aiko da kayan za a yi ta DHL ko makamancinsa, kuɗin kwastan a kan mai karɓa yake. Masu oda ta bidiyon WhatsApp su sa a fito da kayan hasken rana a nuna musu, fitilar shago tana mayar da ruwan goro ja. Takardar oda kuma ta ƙunshi sunan yadi, launi da guntun samfurinsa a manne, yawan kali, tsawon siket da riga da hannu a inci, yawan mayafi, da ranar bayarwa.

Bayan kaya sun iso, abin da ya fi lalata su a gidajenmu shi ne ƙamshi. Humra tana barin tabon mai a siliki, turaren fesawa yana baƙanta zari, tartsatsin garwashin turaren wuta kuwa yana huda raga da oganza nan take. A turara jiki da kayan ciki, a bari su sha iska, sannan a sa lehenga. Kada a rataye siket mai nauyi, zai ja ya saki. A naɗe shi cikin farin yadin auduga, ba leda ba, a riƙa sauya layin naɗin duk bayan 'yan watanni don kada zarin ya karye a wuri ɗaya. Ruwa ba ya taɓa shi, sai dirai-kilin, kuma a wurin wanda ya taɓa wanke irinsa. Guga kuwa ta bayan yadi ake yi, da wuta kaɗan da ƙyalle a tsakani.